Kurakuran da aka fi yi wajen tsara feftayid mai kwashe kolestarol, da yadda za a gyara su

Ƙannena da ke karatun kimiyyar sinadaran jiki ko haɗa magunguna a jami'ar KNUST ta Kumasi, musamman 'yan Aboabo da Asawase da Sabon Zango, wannan rubutu naku ne idan bincikenku ya faɗa kan feftayid, wato gajerun sarƙoƙin amino asid, masu kwaikwayon furotin apoA-I. Da kwamfutar hannu kaɗai mutum zai iya shiga wannan fage, kuma sauƙin shigar ne ke sa ake ta maimaita kurakuran da manyan ɗakunan bincike suka daɗe da shan wahalarsu.

Ƙwayoyin da ke bangon jijiya ba sa iya narkar da kolestarol. In ya taru a cikin makirofaj, wato ƙwayar garkuwar jiki mai haɗiye datti, sai ta cika da kitse, daga nan toshewar jijiya ke somawa. Mafitarsa ita ce furotin apoA-I, mai amino asid 243, wanda shi ne ginshiƙin HDL, wato abin da ke ɗauke kolestarol a cikin jini zuwa hanta. Yakan zo ƙofar da ake kira ABCA1 a jikin ƙwayar, ya karɓi kolestarol da fosfolifid, a kai wa hanta ta fitar. A 1999 aka tabbatar cewa lalacewar wannan ƙofa ce ke haddasa cutar Tangier, wadda masu ita kusan ba su da HDL sam. To, da yake apoA-I babba ne kuma samar da shi da tsada, a 1985 Anantharamaiah da Segrest na Jami'ar Alabama suka fito da 18A, ɗan guntu mai amino asid 18. Jerinsa bai yi kama da na apoA-I ba. Siffar kawai ya ɗauko: murɗaɗɗen zare mai fuska biyu, ɗaya na son mai, ɗaya na son ruwa.

Babban kuskure, wanda ya fi sauran cin mutane, shi ne ɗaukar cewa feftayid ɗin da ya fi kwaso kolestarol shi ya fi kyau. Ɗalibi ya yi ta cusa fenilalanin da liyusin a fuskar mai, ya ga lamba ta hau a gwaji, ya yi murna. Amma abu mai fuska biyu irin wannan ɗan'uwan sabulu ne: in ƙarfinsa ya wuce kima, ba ya jiran ƙofa, yana yagar fatar ƙwayar ne ya tafi da kitsenta, lambar ta hau alhali ƙwayar na mutuwa. Haka aka gani da 37pA, wato 18A guda biyu da aka haɗa da furolin a tsakiya. Yana kwasa sosai, har daga ƙwayoyin da ba su da ABCA1, kuma yana fasa jajayen ƙwayoyin jini. Gyaran da Alan Remaley da abokan aikinsa suka yi a cibiyar NIH ta Amurka, wanda aka wallafa a 2008, rage ƙarfi ne da gangan. Sun maye gurbin amino asid 5 na zare na biyu da alanin, aka samu 5A, wanda ya fi bin ƙofar ABCA1, cutarwarsa kuma ta ragu.

Saboda haka kada ku taɓa gabatar da lamba ɗaya tak. Ku gwada a ƙwayoyin da aka kunna musu ABCA1 da waɗanda ba a kunna wa ba (a makirofaj na J774 da sinadarin cAMP ake kunna ta), ku cire wannan daga wancan. Abin da ya rage shi ne aikin gaskiya. Ku auna LDH, wani furotin na cikin ƙwaya, da ya zubo cikin ruwan renon, don shi ke tona asirin ƙwayar da ta fashe. Gwajin fashewar jini kuwa, a ganina mu nan Kumasi ba mu da uzurin tsallake shi. A garin nan aka fara gwajin sikila ga jarirai a Ghana a 1995, kuma kusan jariri 1 cikin 50 ke zuwa da ita, ga ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, da ya yaɗu a cikinmu. Mai tsara magani don waɗannan mutane dole ya fara tambayar abin da zai yi wa jininsu.

Wani kuskuren kuma shi ne ƙirga amino asid ba tare da duba mazauninsu ba. Zaren yana yin zagaye ɗaya a kowane amino asid 3.6, kowanne na karkata da digiri 100 daga na bayansa. Waɗanda ke maƙwabtaka a takarda suna iya kallon fuskoki daban a zahiri. Ku zana da'irar zaren kafin komai. Masu son mai su taru gefe guda, laisin ya zauna a kan iyakar fuskokin biyu, asfatet da gulutamet su kasance a tsakiyar fuskar ruwa. Ku toshe bakunan biyu, asetil a farko, amayid a ƙarshe, domin hakan na ƙara wa murɗin tsayuwa. Sannan ku yi odar wani feftayid mai amino asid iri ɗaya da naku amma a hargitse, ya zama abin kwatanci. Na san kuɗin ya ninka, kuma da dala ake biya, sidi kuwa kun san halinta. Duk da haka gara ku gwada feftayid biyu da abin kwatanci a kan biyar babu shi.

Masu aiki a kwamfuta zalla, ku yi hattara da makin da manhajar gwada dacewar feftayid da furotin ke bayarwa. Tun 2017 ake da siffar ABCA1 ta ɗan Adam, don haka kowa na iya manna mata feftayid ya samu lamba mai kyau. Sai dai an nuna cewa 37pA da aka gina da amino asid na nau'in D, wato kishiyar na jikinmu a madubi, shi ma yana kwasa ta ABCA1. Wannan na nuna cewa dacewar siffa da wani gurbi guda ba ita ce ke yanke hukunci ba, mu'amala da kitsen fatar ƙwaya na da babban rabo. Ku kwaikwayi motsin feftayid ɗin a kan fatar kitse a cikin kwamfuta, ku ga ko murɗin zai tsaya. A kammalawa ku rubuta cewa kun samu abin da ya cancanci gwaji, kalmar magani ku bar ta tukuna.

Ajiya ma na ɓata aiki. Garin da ke cikin kwalba ba duka ne feftayid ba, akwai danshi da gishirin TFA da ya rage daga haɗa shi, sai a lissafa da ainihin nauyin da takardar kamfani ta nuna. Ku bar kwalbar ta huce daga sanyi kafin ku buɗe, in ba haka ba ta sha raɓa. Ku rarraba shi ƙanana-ƙanana, ku nemi firizar da ke kan janareta, saboda dumso, wato ɗaukewar wuta, na dare ɗaya na iya narkar da aikin zango guda.

Kada kuma a bar tambayar yadda zai shiga jiki sai ƙarshe. Hanji na narkar da feftayid na nau'in L, wato irin na jikinmu. Don haka Navab da Fogelman na jami'ar UCLA ta Amurka suka koma ga D-4F, feftayid na nau'in D, wanda ya rage toshewar jijiya a ɓeraye a 2002. Da aka ba mutane ta baki, ɗan kaɗan ƙwarai ya kai cikin jini. Ɓera ma ba shi da furotin CETP, mai sauya wa kolestarol wuri daga HDL, da mu muke da shi, saboda haka tafiyar kolestarol a jininsa daban take da tamu.

Kuskuren da ya fi damuna yana cikin shafin farko na rubuce-rubuce da yawa, inda ake cewa ƙara HDL na kare zuciya. Maganin torcetrapib ya ɗaga HDL da kusan kashi 70 cikin 100, amma a Disamban 2006 aka dakatar da gwajinsa don mace-mace sun ƙaru. Daga nan hankali ya koma kan aikin HDL maimakon yawansa, kuma binciken Dallas na 2014 ya nuna cewa masu jinin da ya fi iya karɓar kolestarol ba su cika kamuwa da ciwon zuciya kamar sauran ba. Duk da haka, a 2024 gwajin AEGIS-II, wanda aka yi da mutum sama da 18,000 da suka samu bugun zuciya, aka ɗura wa wasunsu cikakken apoA-I, bai nuna ragin da ake nema ba cikin kwana 90. Ku sa waɗannan a cikin rubutunku da kanku, kafin mai jarrabawa ya tuna muku.

Wannan gaskiya har gida take bin ku. Da zarar an ji a unguwa cewa ɗan gidan wane na binciken maganin zuciya, kawu da inna za su zo da tambaya, wani ma da hoton kwalbar da ya gani ana talla a WhatsApp. Ku faɗa musu a fili cewa har yanzu babu feftayid irin wannan da aka amince a ba masu ciwon zuciya. Wanda likita ya ɗora kan sitatin, maganin rage kolestarol, ya ci gaba da sha, ya riƙa auna hawan jini da suga, kuma ya koma Komfo Anokye ko asibitin da ke duba shi ranar da aka rubuta masa a kati.