Kurakuran ɗaure notin taya da na gaji da gani

Kowace shekara ana kawo mana sabbin yara koyon aiki a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, kuma kusan dukkansu da abu ɗaya suke zuwa a ka: wai notin da ya fi tauri shi ya fi aminci. Na yi faɗa har maƙogwarona ya bushe, shi ya sa yau na zauna na rubuta.

Babban laifin shi ne fayif. Yaro zai zura dogon fayif a jikin sifana, ya ɗare kai da ƙafa biyu, yana tsalle har noti ya yi ƙara, ya sauko yana jin ya yi aiki. To ku yi lissafi. Toyota Corolla da Camry, ma'aunin notinsu 103 Nm ne (Nm shi ne awon ƙarfin ɗaurin noti). Honda Civic da Accord 108. Mutum mai nauyin kilo 70 idan ya tsaya a ƙarshen fayif mai tsawon mita ɗaya, ya ɗora wa notin kusan 690 Nm, tun kafin ya fara tsalle. Kusan ninki bakwai ke nan. Sitod, wato ƙarfen da noti yake hawa, an yi shi ne ya ɗan miƙe ya riƙe taya kamar roba. Idan ka wuce iyakarsa, ya miƙe ke nan ba dawowa, kuma ido ba ya gani. Sai a hanya zai nuna maka.

Ni ma a hanya ya nuna mini. Ina shekara ta biyu a hannun mastana, wani Alhaji ɗan kasuwa daga Aboabo ya kawo Corolla a canja masa birkin gaba, zai tafi Tamale. Na gama, na hau fayif don in burge shi. Bayan ya wuce Techiman, kafin Kintampo, sitod uku suka tsinke. Allah ya sa ya ji sitiyari na rawa ya gangara gefe, ga iyali a mota. Masta ya biya kuɗin janyo mota da sabon rim, ni kuma kuɗin abincina aka riƙa yankewa wata da watanni. Abin da ya fi kuɗin ciwo, Alhajin bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Yaro, da wa kake dambe, da noti?" Har yau idan na ga fayif a hannun yaro sai raina ya ɓaci.

Bindigar iska ta masu faci ma haka take, fayif ce mai gaggawa. A kwance da ita, a ɗan kama noti da ita, ba laifi. Amma ɗaurin ƙarshe na sifana mai ma'auni ne, wadda ke yin "ƙas" idan an kai adadi. Ta yi sau ɗaya, ka tsaya. Wasu sai su ƙara ja sau biyu ko uku, wai don tabbaci. Tabbacin me? Ka riga ka wuce.

Na biyu da ke tayar mini da hankali shi ne giris. Kai da ka shafa giris ko baƙin mai a tiredi, wato zaren da noti ke bi a jikin sitod, kana ganin alheri ka yi wa mai mota, cuta ka yi masa. Adadin da kamfani ya rubuta na busasshen tiredi ne. Da mai a jiki noti zai yi santsi, sifana ta nuna 103, alhali sitod ya ja fiye da haka nesa ba kusa ba. Ni burushin waya kawai nake sa wa tiredi da fuskar hob, inda rim ke zama, in kankare tsatsa, musamman motocin da aka shigo da su daga ƙasashen sanyi, waɗanda gishirin titi ya ci ƙasansu. Tsatsar da ka bari tsakanin rim da hob za ta murmushe a tafiya, taya ta saki.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada ka bi noti a jere kana zagaye. Tsallaka zuwa na gabansa kamar kana zana tauraro, don rim ya zauna daidai. Fara kowane noti da yatsu, idan ya ƙi shiga to tiredin ya karkace, kada ka tilasta. Notin Nissan ba ya hawa sitod ɗin Toyota ko da sun yi kama, tazarar tiredin Nissan milimita 1.25 ce, ta Toyota 1.5. Dubi mazaunin noti kuma: wani mai tsini ne, na Benz da Volkswagen mai kumburi ne, rim ɗin alminiyam na Toyota da yawa mai wosha yake so. Littafin motar da ta fito daga Amurka da awon ft-lb yake magana, ba Nm ba, 76 a can shi ne 103 a nan, kada ka saita sifanarka a 76 Nm. Sprinter ta tirotiro kuwa ba sa'ar Corolla ba ce, nata ya kai 180 zuwa sama, sai ka duba littafinta.

Al'adata, wadda abokan aikina da yawa suke mini dariya a kai: ina kama noti mota tana kan jak, in sauke ta taya ta taɓa ƙasa, sannan in yi ɗaurin ma'auni. Kuma ina gaya wa direba a sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100. Mai zuwa Accra, ina ce masa ya tsaya wajen Konongo. Rabinsu ba sa tsayawa, na sani.

Sifanata mai ma'auni kuwa, ba a kwance noti da ita, ana mayar da ita ƙasan ma'auni kafin a ajiye, kuma ba na ba da aronta ko ga ɗan ɗakinmu.