Masu keke a Ingila, ga wata hanya da babu motoci

Salam 'yan uwa. Wanda duk ya gaji da tuƙa keke a cikin gari mota na hura masa hon a ƙeya, ya gwada Camel Trail a yankin Cornwall. Tsohon layin dogo ne aka cire ƙarafan aka mayar hanyar keke da masu tafiya a ƙasa, kusan mil 18 daga Padstow a bakin teku, ta Wadebridge da Bodmin har Wenfordbridge, kuma da yake hanyar jirgi ce a da, shimfiɗe take ba hawa ba gangara sosai, ko yara za su iya.

Daga Padstow zuwa Wadebridge wajen mil 5 ne, ruwa a gefe gonaki a gefe, wallahi wurin ya haɗu, sai dai lokacin hutun bazara cinkoso kamar kasuwa, ku fita da sassafe. A cikin Wadebridge akwai ɗan guntun titi da za ku haɗu da motoci, a kula da yara a nan.

Ni na fi son ɓangaren bayan Bodmin, daji ne shiru. Mai neman tudu ya haura wajen Blisland kusa da Bodmin Moor, amma fa can titin ƙauye ne, mota na bi kuma hawan ba wasa.

Ita Camel Trail tsakuwa ce a wurare da yawa, siririyar taya za ta wahalar da ku. A tafi da famfo da kayan faci da rigar ruwa. Marar keke akwai na haya a Wadebridge da Padstow.