Yadda Ake Gane Abincin Da Bai Karɓi Yaro Ba, Da Yadda Ake Sake Gwada Shi

Ɗiyar ƙanwata tana wata takwas aka fara ɗanɗana mata dafaffen ƙwai a gidanmu nan Katsina. Ba a yi minti ashirin ba leɓenta ya kumbura, borin jini ya feso mata a wuya da ciki. Kakarta ta ce haƙori ne. Ashe ƙwan ne bai karɓe ta ba, abin da likitoci ke kira alaji.

Garkuwar jikin yaro ce ke ɗaukar wani sinadarin abinci a matsayin abokin gaba, duk ranar da ya shiga ciki sai ta tashi faɗa. An fi ganin haka da madarar shanu, ƙwai, gyaɗa, kifi, alkama, waken soya da riɗi. Jaririn da ke fama da bushewar fata mai ƙaiƙayi tun yana ɗan ƙarami ya fi saurin kamuwa.

Da farko, ki ba shi nononki zalla har wata 6, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. In ya fara cin abinci, ki riƙa shigo da sabon abu ɗaya-ɗaya, da safe, ɗan kaɗan a bakin cokali, ki bar kwana biyu ko uku kafin ki ƙara wani. In kika haɗa ƙwai da kunun gyaɗa rana ɗaya, wanne za ki zarga?

Kada tsoro ya sa ki hana shi gyaɗa sai ya girma. A nan ne iyaye da yawa ke kuskure da kyakkyawar niyya. Wani bincike da aka yi a Ingila kan jarirai 640, aka fitar a 2015, ya nuna waɗanda aka fara ba gyaɗa da wuri sun fi tsira daga alajinta da kusan kashi 80 cikin 100. Sai dai a dama ta a kunu, ban da ƙwayarta, don tana shaƙe yara. Mai matsalar fata mai tsanani kuwa, likita ya fara ganinsa.

Bayan ya ci, ki sa masa ido awa biyu, don a cikinsu alamu suka fi fitowa: borin jini, kumburin leɓe ko ido, amai. In kin gani, ki tsayar da abincin, ki ɗauki hoton fatar da wayarki, domin sau da yawa kafin a kai ga likita ta washe.

Amma in numfashinsa ya fara ƙara, murya ta dushe, harshe ya kumbura, ko jikinsa ya saki, babu jira, babu jiƙo, babu ɗura man ja. Allurar gaggawa da ake kira adirenalin yake buƙata. Ki nufi asibiti mafi kusa, ko Asibitin Turai 'Yar'aduwa, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko asibitin Daura in can kike.

Idan an tabbatar, sai aikin tsaro. Gyaɗa tana ɓoye a yajin tsire, da ƙuli-ƙuli, da miyar taushe. Awara waken soya ce, kantu riɗi ne, fura kuma da nono ake dama ta. Ki faɗa wa kakanni da maƙwabta da malaman Islamiyya, ki maimaita, don mai ba yaro abu da hannun ƙauna ba ya tambaya. Kuma abin da ya yi masa illa kaɗai za ki cire, ki nemi madadinsa kada ya rame.

Yawancin yara suna rabuwa da alajin madara da ƙwai yayin da suke girma, da yawa kafin su shiga firamare. Na gyaɗa ya fi naci, kusan ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa da shi, na kifi ma yakan daɗe. Don haka ki riƙa komawa wurin likita duk shekara, a gabansa za a sake gwaji, ba a tsakar gida ba. Galibi da ƙwan da aka gasa cikin kek ake farawa, saboda zafi yana sauya sinadarin. Da shi aka fara wa ɗiyar tamu tana shekara uku, bara kuma ta cinye dafaffen ƙwai guda lafiya lau.