Yadda Za Ka Hana Motarka Tona Maka Asiri

Motar zamani tana da nata layin waya, kuma ta nan take kai wa kamfani labarin inda ka je, gudun da ka yi da yadda kake taka birki. A 2023 gidauniyar Mozilla ta binciki kamfanonin mota 25, babu ko ɗaya da ya cika sharuɗɗanta na kare sirri.

Fara da manhajar motar da ke wayarka. Shiga saituna ka kashe duk wani tsari da ke ba ka maki kan iya tuƙi. A 2024 aka bankaɗo cewa bayanan masu amfani da irin wannan tsari, OnStar Smart Driver na kamfanin motoci na General Motors, suna isa hannun kamfanonin dillancin bayanai LexisNexis da Verisk, daga can kuma su kai ga kamfanonin inshora, har aka ƙara wa wasu direbobi kuɗi a Amurka.

Sai Bluetooth. Da ka haɗa waya, za a nemi izinin kwashe lambobi da saƙonninka. Ka ƙi, musamman a motar haya. Kira da sauraron sauti ba za su tsaya ba. Leƙa kuma ƙarƙashin sitiyari, inda soket ɗin OBD-II mai ramuka 16 yake, wato wanda makanike ke jona na'urar gano matsalar mota. Duk abin da ka tarar a maƙale ba da saninka ba, bincika wanda ya sa shi.

Wajen sayar da mota aka fi yin sakaci. Mayar da allon motar yadda ya fito daga masana'anta yana goge adireshi da lambobi, amma mai yiwuwa motar na nan ɗaure da asusunka a rumbun kamfani. Dole ka cire ta daga manhajar da kanka. In kai ne mai sayen ta hannu, kira kamfanin da lambar VIN, wato lambar shaidar motar, a yanke tsohon mai ita, in ba haka ba yana kwance a ɗakinsa yana kallon inda ka faka, wataƙila har ya buɗe ƙofa.

Kada ka zare fis ɗin na'urar sadarwar motar don huce haushi. A motoci da yawa ita ce ke kiran agaji idan aka yi hatsari.

Motocin da ke magana da junansu ta fasahar V2X suna shelanta matsayinsu da gudunsu har sau 10 a daƙiƙa, da shaidar wucin gadi da ke sauyawa bayan 'yan mintuna. Idan shaidar ta sauya amma adireshin rediyon, wato lambar na'urar da ke aika saƙon, bai sauya tare da ita ba, mai bibiya zai gane motar. Wannan gyaran na kamfani ne, don haka karɓi sabuntawar manhaja da zarar ta iso.