Kar ka ɗaura kaya kai tsaye a kan PGM

'Yan uwa masu haɗa alam a Maradi, in za ka kunna fitila, jiniya ko makullin ƙofa ta PGM (mafitar da ake saitawa a allon alam), sa rele (makunnin da wuta ke sarrafawa) mai 12V a tsakani.

PGM ba ya ba da wuta, hanyar nagatif kawai yake buɗewa. Ƙarfinsa ma kaɗan ne: a allon alam na DSC PC1616, PGM1 50mA ne, PGM2 300mA. Ka wuce haka, taransista na iya ƙonewa, gyaran allo kuwa ya fi kuɗin rele nesa ba kusa ba.

Ƙafa ɗaya ta koyil ɗin rele ta je AUX+ (inda allon ke ba da wuta 12V), ɗayar ta je PGM. Gitta diyod 1N4007 a kan koyil, gefen mai zobe wajen AUX+. In babu shi, wutar da ke dawowa lokacin da rele ya saki ita ke cinye allon a hankali.

Inda dabarar ke kasawa: in kayan daga AUX suke shan wuta. Wuta na ɗaukewa, batir 7Ah na allon ya zube, balle a zafin Afrilu. Ba su caja da batir nasu daban.

Duba saitin PGM ma. In ka juya shi, rele zai kwana a kame yana cin batir. Makulli kuma kunnawa ta daƙiƙa biyu zuwa biyar ta ishe shi.