Yadda na raba tantina da hayaƙi

Bara da hunturu muka tashi daga Tawa zuwa wajen Abalak farautar zabbin daji. Tsohon tantina sai jaki ke iya ɗaukarsa, shi ya sa na koma ga marar shimfiɗa, mai sanda ɗaya a tsakiya. Da sanyin asuba ya matsa, na hura wuta a ciki. Hayaƙi ya kore mu waje muna hawaye, tartsatsi kuma ya huda rufin wuri biyu.

Da na dawo na kai kukana wurin wani mai walda. Ya ce, "Alhaji, ai wutarka ba ta da hanci." Ya naɗa mini ƙaramin murhu na baƙin ƙarfe, da bututu gaɓa huɗu masu shiga cikin juna. Inda bututun zai fita muka yanke yadin, muka ɗinka falle na ƙarfe don kada zafi ya narkar da shi, bakinsa kuma muka sa raga saboda tartsatsi. Sai da na ƙona murhun a tsakar gida fenti ya ƙare tukuna.

Yanzu busasshiyar bagaruwa nake sawa, ban da gawayi, kuma ina barin gefe ɗaya a ɗage kamar tafin hannu. Kunama kam, shara da kakkaɓe takalmi kullum safe.