Yadda za ka zaɓi darussan sakandare don shiga jami'ar gwamnati

Da farko, tun kafin ka shiga SS1 ka tsayar da kwas ɗin da kake son karantawa. Idan ranka bai tsaya kan ɗaya ba, ka riƙe biyu masu kusanci da juna.

Na biyu, buɗe kundin JAMB, hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a, na intanet ka duba abin da kwas ɗin ke buƙata. Likitanci yana son Biology, Chemistry da Physics. Injiniyanci kuwa Lissafi da Physics da Chemistry. Mai son karatun lauya kada ya kuskura ya ajiye Adabin Turanci. Nan ne yara da yawa suke tuntuɓe. Na taɓa ganin wata yarinya riƙe da takardar sakamakonta, kiredit takwas reras, amma babu Adabi domin ta sauya shi da wani darasi tun a SS2. Dole ta jira wata shekarar.

Na uku, ka tabbata darussan nan suna cikin waɗanda aka yi maka rajista a WAEC ko NECO. Karanta takardar da idonka kafin ka sa hannu.

Sannan ka nemi kiredit biyar, wato C6 zuwa sama, har da Turanci, kuma galibin kwasa-kwasai suna buƙatar Lissafi. Ana yarda a haɗa sakamakon zaman jarrabawa biyu, amma jami'o'i da dama zama ɗaya suke karɓa a likitanci.

Wajen cike fom ɗin UTME, wato jarrabawar JAMB mai darussa huɗu, Turanci dole ne, sauran ukun kuma ka ɗauko su daidai da yadda kundin ya jera.